Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu ɗaukar marubuta manhaja aiki: ku rubuta mana tambayar

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin kamfanonin fasaha na Kano da Abuja da Legas, da ku injiniyoyin da ake ɗora wa nauyin tantance masu neman aiki. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta jihar Jigawa, inda sabis ɗin waya mai ƙarfi yake wuri ɗaya tak, wato gindin darbejiyar da ke bayan firamare. Sana'ata rubuta manhaja. Shekara 6 ke nan ina yi da harsunan kwamfuta na Python da JavaScript, kuma cikin shekara 2 da suka wuce na zauna a gabanku ta kyamara har sau 11. Sau ɗaya aka ɗauke ni, shi ma aikin wata 4. Ina da lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da kasa zama wuri ɗaya. Da mutanen garinmu za ku tambaya, rawar kai za su ce muku.

Wata Laraba cikin bazara aka sa mini intabiyu ƙarfe 3 na yamma. Tun daren Talata na kai laftof wajen mai cajin waya ta cika, na sa data a layi biyu, na roƙi hedimasta ya bar mini aji ɗaya a buɗe bayan an tashi yara. Tun hantsi na kasa taɓuka komai, ko abinci ban ci ba, domin ni in akwai abin da nake jira da yamma, to ranar nan gaba ɗayanta ta tafi. Mutum uku suka bayyana a fuskar kwamfuta. Ana gama gaisawa ɗayansu ya karanto tambaya da baki, da Turanci, a numfashi guda: ga jerin bayanan ciniki, in fitar da waɗanda suka maimaitu, in jera sauran bisa kwanan wata, sannan in faɗi abin da zai faru in bayanan sun kai miliyan 10. Gaɓa uku ke nan. Ina riƙe da ta farko wata akuya ta leƙo ta taga. Wallahi kallo ɗaya na yi mata. Ko da na dawo, gaɓa ta biyu ta ɓace ɓat. Na ji nauyin cewa a maimaita, kada a ce ba na jin Turanci. An kuma umarce ni in riƙa faɗin abin da nake tunani ina rubutawa, sai ya zama bakina na gaba, hannuna na baya, kaina kuma ya riga ya tafi wata dabarar daban. Can na hango ɗayansu ya dubi agogon hannunsa. Shi ke nan, komai ya tsaya cak. Minti 45 suka ƙare ina goge abin da na rubuta.

Na fito na ɗauki buta zan yi alwalar la'asar, ban kai ga wanke fuska ba amsar ta faɗo mini gaba ɗaya. Layi 9 ce. Abin da ya fi ci mini rai, na taɓa rubuta irinta sak a manhajar da na haɗa wa wani dillalin riɗi da zoɓo mai cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi, wadda yau shekara 2 take lissafa masa buhuna da bashin da yake bi, ba ta taɓa ɓatar masa da kwabo ba.

Wanda ya yi makarantar allo zai fi saurin gane abin da ya same ni. Akwai hadda, akwai allo. Hadda ita ce abin da ya zauna a ka. Allo kuwa shi ne inda ake rubuta karatun yau kafin ya zauna. Kowane mutum yana da ɗan allo irin wannan a cikin kansa, inda yake riƙe lambar wayar da aka karanto masa ko saƙon cefane na ɗan lokaci. Namu allon, mu masu ADHD, ƙarami ne, tawadar kuma ba ta kama shi sosai: sabon abu na shigowa, tsohon ya wanke. Haddar tana nan daram. Tambayar da kuka karanto da baki ita ce ta wanke.

Wani kawuna ya ce ai wannan ciwon Turawa ne da suka ƙirƙiro jiya don su sayar da magani. Ba jiya ba ne. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi rubutu kan mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa kan abu ɗaya, a 1902 kuma George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yara masu irin wannan hali. Sunan ADHD ya shiga kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1987. Ƙiyasin da ke cikin bugun 2013 na wannan kundi shi ne yara kusan 5 cikin 100, manya kuwa tsakanin 2 da 3 cikin 100. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ne ya fi yawa a cikin sababinsa, sama da kashi 70 cikin 100, kuma yana da alaƙa da yadda sinadaran dofamin da noradirenalin ke aiki a ƙwaƙwalwa. Ba kuma duk mai mantuwa ba ne yake da shi. Kafin likita ya tabbatar wa babba, sai ya ga alamomi aƙalla 5 cikin 9 na ɓangaren rashin natsuwa ko na ɓangaren gaggawa da kasa zama, waɗanda suka daɗe aƙalla wata 6, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, suna kawo cikas a rayuwa, kuma sun faro tun kafin shekara 12.

Ni nawa sun faro da wuri. Inna ta taɓa aike na sayo gishiri da daddawa, na dawo bayan awa biyu da daddawa kaɗai, saboda na tsaya kallon mai gyaran rediyo. Na sha bulala a firamare ba adadi. An ce ƙiriniya, an ce kunnen ƙashi, an ce iska ce har aka yi mini ruƙiyya. Sai da na kai shekara 28 wani likita a Kano ya zaunar da ni, ya yi ta tambayata har da yadda nake a aji uku, ya sa na kira Inna a waya ta ba da shaida, sannan ya faɗa mini sunan abin. A mota na yi ta share hawaye har muka wuce Gezawa, ba don baƙin ciki ba.

Kada ku ɗauka ni kaɗai ne. A binciken shekara-shekara na 2022 na Stack Overflow, shafin intanet da 'yan sana'armu ke tambaya da amsa, wanda marubuta manhaja sama da 70,000 suka amsa, kusan 1 cikin 10 sun ce suna da matsalar tattara hankali ko riƙe abu, irin su ADHD. Ke nan ko a ofisoshinku muna nan, shiru kawai muka yi. Ban yi mamakin yawanmu a wannan sana'a ba. Kwamfuta ba ta sa ka jira: ka gyara, ka gwada, ka ga sakamako nan take, kuma wannan shi ne abincin irin ƙwaƙwalwarmu. Na taɓa zama kan kuskure ɗaya daga bayan isha'i har kiran assalatu, ban san dare ya raba ba. Wanda ake cewa ba shi da natsuwa ke nan fa.

Yanzu ga inda nake so mu fahimci juna. A 2020 masu bincike daga jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka tare da Microsoft sun gwada ɗalibai 48 masu karatun kwamfuta. Aka ba su aiki iri ɗaya. Wasu suka yi shi a kan allon bango, mai tambaya na tsaye yana kallo suna kuma bayani da baki, sauran aka bar su su kaɗai a ɗaki. Waɗanda aka zuba wa ido, ƙoƙarinsu bai wuce rabin na waɗanda aka bari su kaɗai ba. Waɗannan fa ɗalibai ne kawai, ba masu wata lalura aka zaɓo ba. To ina ga wanda allon kansa dama ƙarami ne, sannan aka ce ya rubuta tambaya a kai, ya rubuta amsa, ya rubuta bayanin amsar, ya kuma bar gurbin fuskokin mutum uku da agogo?

Ku dubi yadda kuke gwada sabon tela. Mutum ya sayo shaddarsa a Kantin Kwari, sai ya fara ba shi yadin da bai kai ta tsada ba ya ce ya ɗinka, ya tafi harkarsa, ya dawo ya duba wuya da aljihu da yadda aka kama hannu. Ban taɓa jin wanda ya gayyato abokansa biyu suka tsaya a kan tela, suka ce ya ɗinka riga cikin minti 45 yana yi musu bayanin kowane zare ba. In an yi haka, abin da za a gane shi ne wane tela ne hannunsa ba ya rawa in ana kallonsa. Wannan ma wata baiwa ce, amma ba ita ake sawa a jiki ranar Sallah ba. Su kansu manyan da kuka kwaikwayo wannan salo daga wurinsu sun janye daga wani ɓangarensa: a 2013 shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, Laszlo Bock, ya fito fili ya ce tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da suke yi wa masu neman aiki ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki. Tun 1998 kuma masana biyu, Schmidt da Hunter, da suka tattara binciken shekara 85, suka nuna cewa gwajin aiki na zahiri da intabiyu mai tsari, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a auna da ma'auni ɗaya, sun fi hirar kara-zube nuna wanda zai yi aiki da kyau.

Ba na so a ce na zo da ƙorafi hannu rabbana, don haka ga abin da nake yi daga nawa ɓangaren, ko wani ɗan'uwa mai irin lalurata zai tsinci wani abu. Takarda da biro ba sa barin gabana. Ana fara tambaya nake rubutawa, in an gama in karanta wa mai tambayar in ce haka kake nufi? Na daina jin nauyin wannan. Sannan in nemi minti 2 in yi shiru, in faɗa musu a fili cewa shirun tunani ne, ba sabis ne ya yanke ba. Carbi yana hannuna na hagu a ƙarƙashin tebur, domin in yatsuna suna motsi ƙafata tana hutawa, kaina kuma ya fi zama. Ina rufe hoton fuskata a kwamfuta, in ba haka ba kaina zan yi ta kallo. Ina neman a sa ni da safe in da hali, don kada jira ya cinye ni. Tambayar da ta fi kayar da ni kuwa ba ta lissafi ba ce, ita ce a ce in ba da labarin wani aiki da na taɓa yi. In na ɗauko daga Ringim sai na tsinci kaina a Maigatari, mai tambaya ya ƙosa, ni kuma na manta inda na dosa. Yanzu ina da labari 5 a rubuce a ƙananan takardu, kowanne jimla 3: matsalar, abin da na yi, yadda aka ƙare. In na karanta ta uku sai in kama bakina, ko da harshena na ƙaiƙayi.

Duk wannan ina yi, yana kuma taimakawa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na farko da nake roƙo, wanda ko sisi ba zai ci muku ba: ku rubuta tambayar. Zoom da Google Meet duk suna da wurin rubutu a gefe. Ku liƙa ta a nan, ta zauna har a gama. In tana da gaɓa uku, ku bayar ɗaya bayan ɗaya. Sannan ku bar mutum shi kaɗai na minti 10 ko 15, ku kashe kyamara ku sha ruwa, in kun dawo ku titsiye shi da tambayoyi kan abin da ya rubuta yadda kuke so. In tsoron satar amsa kuke, a nan ne asirin ɓarawo ke tonuwa, domin wanda bai rubuta abu da kansa ba ba ya jure tambaya uku a kansa. Ku kuma faɗa mana tun a wasiƙar gayyata yadda zaman zai kasance: mutum nawa, minti nawa, za a yi rubutun manhaja ko hira ce kawai. Zaman da ya wuce awa ɗaya a sa masa hutu.

Aikin da kuke ba mu mu yi a gida yana da kyau, ya fi kusa da gwajin tela, amma akwai tarko a ciki. Wani kamfani ya ce mini aikin awa 3 ne. Bai faɗi iyakarsa ba, ni kuma irin kaina ba ya sanin inda ake tsayawa, na yi ta ƙawata abin da ba a tambaye ni ba har kwana 6, na ƙona data da kuɗin caji, na aika, har yau ko "mun gani" ban samu ba. Ku yanke wa aikin iyaka a rubuce, ku faɗi abin da za ku duba da abin da ba ruwanku da shi, in ya wuce yini ɗaya ku biya. Ku kuma sa ranar da za a ji daga gare ku, ku cika. Kalmar "ba mu ɗauke ka ba" tana kwantar da ni kwana biyu ko uku, ban ɓoye muku ba, amma tana wucewa. Shirun ne ba ya wucewa.

Roƙona mafi girma shi ne ku yi wa kowa haka, ba sai wanda ya ce yana da lalura ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na yarda, amma sau ɗaya na gwada faɗin lalurata a intabiyu. Mutumin ya yi ɗan murmushi ya ce, "To Allah ya sawwaƙe. Amma dai ba ka shan wani abu ko?" Na gane daga ina tambayar ta fito. Tun rikicin kodin, wanda ya kai gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, duk saurayin da aka ga yana kaɗa ƙafa yana magana da sauri a Kano, an gama yanke masa hukunci. Maganin da aka fi ba masu ADHD, wanda aka fi sani da sunan Ritalin, yana cikin magungunan da doka ta tsaurara, sai da takardar likita, kuma ni kaina sai in yi wata ban same shi ba. Ba kowa ma ke shan magani ba. In kuwa kuka ce sai an kawo takardar asibiti kafin a sassauta, kun rufe wa ɗan ƙauye ƙofa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Daga nan yankin sai dai mutum ya nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Dawanau, ko Kazaure, ya kuma shirya jin abin da za a ce a gari in an gan shi a layin. Da yawa cikin masu zama a gabanku ba su ma san sunan abin da ke damunsu ba.

Na san akwai doka. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar da sa mata hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma haramta nuna wa masu irin waɗannan lalurori bambanci. A Ingila da Amurka, neman a sassauta tsarin intabiyu haƙƙi ne da doka ta sani. Amma ba da sandar doka na zo muku ba, ko kuɗin lauya ba ni da shi.

Za ku ce aikin ma ai akwai matsi, wanda ya kasa minti 45 yaya zai yi da ranar da komai ya lalace? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ba duka take goyon bayana ba. Ranar da manhaja ta tsaya da tsakar dare masu ciniki na ta kira, ni ne mutuminku, a irin wannan lokaci kaina yake dawowa wuri ɗaya. Inda nake da rauni daban ne: aikin da ba ya da armashi, rubuta bayanin abin da na riga na gama, amsa imel, taron da ba a faɗi maƙasudinsa ba, wa'adin da ke can nesa da mako uku. Nan ya kamata ku matsa mini. Ku tambaye ni yadda nake hana aiki kwana a hannuna, in nuna muku jerin da nake rubutawa bayan asuba, da ƙararrawa uku a waya, da yadda nake roƙon a yanka mini babban aiki gunduwa-gunduwa. In amsata ba ta gamsar da ku ba, ku sallame ni, ba zan ce an zalunce ni ba. Cikin zama 11, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar.

Ga ku kuma masu horar da matasa. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 yana da burin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani, ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na makarantun Kazaure suna fitowa kowace shekara. Ku sa gwajin intabiyu cikin darasi, ku koya musu cewa neman a maimaita tambaya ba rashin kunya ba ne. Mu an tashe mu a kan ba a katse babba, ba a kallon idonsa, ba a yabon kai, sai ga shi intabiyu tana neman kusan duk ukun.

Na ce sau ɗaya aka ɗauke ni. Wata injiniya ce ta yi mini tambayoyin. Ban ce mata komai game da lalurata ba. Ta liƙa tambayar a rubuce, ta ce, "Malam, lokacin azahar ya yi, bari in yi sallah, ka duba wannan kafin in dawo." Da ta dawo na gama, har na gano cewa misalin da ta bayar yana da kuskure a layi na huɗu. Ta yi dariya ta ce da gangan ta sa.

Ranar Alhamis mai zuwa ƙarfe 10 na safe ina da zama na 12 da ɗaya daga cikinku. Jiya na aika imel ina roƙon a rubuta mini tambayoyin a gefe, a kuma ba ni minti 10 ni kaɗai. Na riga na yi wa hedimasta magana, wannan karon kuma zan rufe tagar.

Wassalam.

Naku,
wani mai rubuta manhaja daga ƙasar Ringim, jihar Jigawa.